Yadda Za Ka Halaka Waƙar Malam da Kwamfuta, Kuma a Ci Gaba da Kiranka Injiniya

Ɗan'uwa, matso kusa. In ka bi matakan nan yadda Dalhatu mai shagon kwamfuta na bakin tashar Gwarzo ya bi su, na yi maka alkawari duk rubutun da ya shigo hannunka sai ya ji jiki, kai kuwa sunanka Injiniya yana nan daram. An gwada, an gani.

1. Karɓi aikin da ba ka iya ba

Da can gidan kallo Dalhatu yake da shi. Da Shari'a ta zo ya rufe, ya sayar da bencina, ya sayi kwamfuta ta hannu. Wata Laraba sai ga Malam Badruddeen daga ƙauyen Durun a bayan ɗan acaba, idonsa ya tafi, da faifan filofi na kwamfuta naɗe cikin hankici. Waƙar wa'azinsa ce a ciki, baiti ɗari uku, aikin shekara talatin. Ɗansa Uwaisu ne ya buga ta a Zariya kafin hidimar ƙasa ta jefa shi inda ko waya babu. Takardun asali gara ta yi walima da su, Malam kuma tsufa ya fara ɓatar masa da ita. Ranar Asabar ɗalibai za su rera ta a bikin sauka, don haka yake so a fitar masa da ita a takarda.

Kai ma ka ce, "Allah gafarta Malam, ai minti biyar ne."

2. Kada ka razana a gaban mai kaya

Da Dalhatu ya buɗe, sai waƙar ta fito layi ɗaya tal. Ta miƙe, ta fice daga gilashin kwamfutar, ta nufi Kabo, ga wasu 'yan akwatuna jere a cikinta.

Ga sirrin. Kwamfutoci ma mazhaba gare su. Ta Zariya, wato Linux, sallama ɗaya take yi a ƙarshen layi ta tashi. Windows ɗin Dalhatu sai ta ji sallama biyu. In ta ji ɗaya, sai ta zana ɗan akwati ta ci gaba da zama, tana jiran ta biyun. To, ka manta na gaya maka. Ilimi yana rage kwarjini.

3. Nemo mai laifi, ka yanke masa hukunci

"Bairos ne, Malam," in ji Dalhatu.

"Subhanallahi! Ana yi masa tofi?"

"Bar ni da shi."

Ya bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, kusan ɗari shida, janareto na shan man da aka yi wuni a layi kafin a samu. Da ya gama, ya adana a kan faifan nan guda, don gwani ba ya ajiye kwafi.

4. In mai sani ya zo, ka tabbata ya makara

Sai ga Malama Hanna, 'yar Filato mai koyarwa a sakandare, ta kawo tambayoyin jarrabawa. Ta leƙa.

"Injiniya, buɗe ta da manhajar WordPad mana, za ta jera kanta. 'Yan akwatunan nan ai su ne ƙarshen layi. Suna ina?"

"Na yi maganinsu."

"Duka?"

A nan tsoro ya kama Dalhatu na gaske, ga tsoho zaune a ƙofa yana ta sa masa albarka. Kai in ka zo nan, ka share gumi ka ce zafin inji ne.

5. Auna da tsinke

Dalhatu ya karyi tsinken tsintsiya, yana ɗora shi a gilashin. Duk inda tsinke ya ƙare, nan ya karya layi. Ya karanta wa Malam. Tsohon ya ce, "Ɗana, ka haɗa mai rowa da Aljanna a layi ɗaya, ka bar mai zumunci a bakin wuta. Wannan ba tawa ba ce."

6. In ƙarya ta ƙare, a kira Inna

Malam ne ya ce a ɗauko Inna Uwaliya, matarsa. Ba ta san ko alif na boko ba, amma shekara talatin tana daka a tsakar gida yana bitar waƙar a zaure. Ranar Alhamis ta zauna a kan tabarma ta ba kwamfutar baya.

"Kai yaro, zan rera. Duk inda na ja numfashi, ka danna babban maɓallin."

Wuni biyu suna yi. A baiti na ɗari da sha biyu, ana tsakiyar layi, sai ta tsaya cak.

"Inna, ai maganar ba ta ƙare ba."

"Danna. A nan Malam yake tari."

Ya danna.

7. Zauna a sahun gaba

Ranar Asabar, ɗalibai suka rera daga takarda, Dalhatu na kan kujera ya sha babbar riga. Da suka iso baiti na ɗari da sha biyu, duk suka tsaya a tsakiyar magana, yadda aka buga. Fili ya yi tsit. Sai Malam ya yi tarinsa, daidai wurin. Ya juya fuskarsa wajen rumfar mata, hawaye na zubo masa, don ya san wadda ta ajiye masa gurbin nan.

Mai sanarwa kuwa ya ce a yi wa Injiniya Dalhatu addu'a, injinsa har tarin malamai ya sani.

Togaciya

Duk wanda ya bi matakan nan ya tashi da layi ɗaya daga Gwarzo har Kabo, babu ruwana, babu ruwan Dalhatu, kada a kawo ƙara shago. Kuma kafin ka goge akwati ko ɗaya, ka fara tambaya ko a gidan mai rubutun akwai wadda ta shekara talatin tana saurarensa. In babu, ajiye tsinken, ka kira Malama Hanna.