Wasiƙar Darakta ga Malam Nadabo

Ranar wata Talata bayan la'asar taransifomar unguwar su Malam Nadabo a Zariya ta yi bam! ta ƙone. Shi kuwa Nadabo, kowa ya san shi da cika baki. Babu babban mutumin da ba su yi aji ɗaya ba.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi a majalisa. "Daraktan da ke raba taransifoma a Kaduna, kwano ɗaya muke ci a makaranta. Ku dai ba ni shugabancin kwamitin neman sabuwa."

Baba Tsalha, dattijon majalisar, ya ce, "In ya rubuto maka muka gani, kujera taka ce."

Nadabo ya kwana yana saƙa da warwara. Washegari ya sulale Kaduna, ya sa aka buga masa wasiƙa a takarda mai sheƙi. Ya kai wani kamfanin kai saƙo, ya zaɓi rajista mai shaidar karɓa, don a sa shi sa hannu a gaban jama'a. A gurbin mai aikawa ya rubuta sunan Darakta. Da aka nemi lambar waya, hannunsa ya rubuta wadda ya saba.

Ranar Juma'a majalisa ta cika maƙil, sai ga mai babur, ƙiii!

"Wane ne Malam Nadabo? Saƙo daga Darakta."

Nadabo ya miƙe, ya gyara hula, ya ja sa hannu kamar mai zanen kogi.

"Kai, mutumin nan! Na ce masa ya daina wahalar da kansa."

"Saura abu ɗaya, ranka ya daɗe," in ji mai babur. "Ƙa'idarmu ce, sai na kira wanda ya aiko na shaida masa saƙo ya shiga hannu."

"A'a, ɗan samari, bar shi! Yana mitin."

"Kira shi, yaro," in ji Baba Tsalha. "Buɗe murya mu gaisa."

Mai babur ya danna lambar. Sai ƙirrr! daga aljihun Nadabo. Ya dafe aljihu, ya hau tarin ƙarya. Waya ta katse. Mai babur ya sake kira. Ƙirrr!

Baba Tsalha ya leƙa aljihun, ya rusuna.

"Ɗauka mana, Darakta. Talakawanka na cikin duhu."

A ranar aka ba Ilu mai faci shugabancin kwamiti.