Ranar da Aka Sauke Ni Daga Likitanci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka sauke ni daga likitanci ba, duk da cewa dama ba wanda ya naɗa ni. Ni dai hatsi nake sayarwa a Kaura. Amma na yi shekara ashirin ina raka ƙanena Bello asibiti, don tun yana saurayi ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi, irin wanda mutum ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. A hankali na haddace sunayen ƙwayoyinsa, har 'yan kasuwa suka laƙaba mini "Dokta". (Ban musa ba. Har tabarau na saya.)

Ana nan sai aminina Malam Isa na Shinkafi, dattijo mai hamsin da ɗoriya, ya fara cewa maƙwabta na zaginsa ta cikin bango. Iyalinsa suka ce asibiti za su kai shi, na ce su zauna. "Ni da ciwon nan mun san juna tun kafin a kai kwalta Zurmi." Na ɗebi ƙwayoyin Bello a leda, na ce a ba shi yadda Bello ke sha. Bello ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu.

Kwana uku kacal, Malam Isa ya sandare. Wuya ya ƙage, hannu na rawa, yawu na zuba, ko loma ba ya iya kaiwa baki. Muka kwashe shi sai asibiti, Bello na riƙe masa kai a mota.

Likitar, wata mace marar yawan magana, ta tambayi abin da aka ba shi. Na gyara tabarau, na zayyano mata da ƙarfi don na kan benci su ƙaru.

"Shi mai maganin, yaushe ciwonsa ya fara?"

"Yana ɗan shekara sha bakwai."

"Wannan fa?"

"Watan jiya."

Ta ja takarda ta zana layuka. Ta ce ƙwaƙwalwa hanyoyi ne masu haɗa unguwa da unguwa. Wanda ciwon ya sama da ƙuruciya, ana tsakar shimfiɗa hanyoyin ya same shi. Wanda ya sama da girma kuwa, an riga an gama su, kuma ba lallai ɓarnar ta faɗa wuri ɗaya ba. Ga shi jikin dattijo ba ya ɗaukar abin da Bello ya saba da shi. "Saura kaɗan ka yi masa illa, Alhaji. Ba wanda ya hana ka?"

Bello ya ce, cikin natsuwa, "Likita, ni na so in hwaɗa mishi. Ni kaina sai da aka yi shekara biyu ana canza min kafin a dace. Amma Yaya bai sauraren marasa lahiya."

Na kan benci duk suka juyo. Wata tsohuwa ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce, "To cikinsu wane ne aka kawo?"

Malam Isa ya warware cikin mako biyu, yanzu yana kan nasa maganin ɗan mitsitsi, ya koma awon gero. Ni kuwa na koyi cewa zaman benci na shekara ashirin benci kawai yake koya wa mutum. Tabarau na ba Bello. Shi dama yake karanta takardar magani, ni launin ƙwaya nake dubawa.