Taku Goma Daga Ramin Bushiya

A dajin Tsamiya Bakwai ba a zaluntar kowa sai bisa ƙa'ida. Tun da Zaki ya tsufa ya kafa kotu a gindin kuka, mai ƙarfi ya daina danne na ƙasa sai da takarda a hannu.

Wata bushiya, Ladingo, ta yarda da wannan tsari har cikin ranta. Da Mugun Dawa ya ƙwace ramin da ta gada wurin uwarta, ba ta tsaya kuka ba, ƙara ta kai. Ta kuwa yi nasara, alƙali Kunkuru ya ce a mayar mata da abinta. Murnarta kwana ɗaya ta yi. Washegari Dila, lauyan Mugun Dawa, ya ɗaukaka ƙara, ya samo umarnin dakatar da zartar da hukunci. Alƙalan kotun sama kuwa shamuwa ne, ba sa sauka sai da damina. Kafin nan, in ji umarnin, kada Ladingo ta kusanci ramin da taku goma.

Ga ta da tsohon ciki, ba wurin haihuwa. Shi ko Mugun Dawa kullum sai ya ƙara tone ramin don ya ɗauki jikinsa, har rufin ya fara tsagewa.

Ta je wurin Hawainiya, magatakardar kotu, ta durƙusa.

"Ana ƙalubalantar umarni mana, baiwar Allah," in ji Hawainiya, ido ɗaya a kanta, ɗaya a kan wani ƙuda. "Ki rubuta roƙo cikin kwana bakwai, ki yi rantsuwa, sannan a damƙa masa takardar hannu da hannu a gidansa."

"Gidansa? Ai gidana ne, Malama."

"Inda yake kwana dai."

"To a aiki masinjan kotu."

"Masinjanmu Zomo ne. Ya ce yana da iyali."

Ladingo ta rubuta, ta rantse. Ran kwana na shida da rana tsaka ta nufi ramin. Mugun Dawa da baya yake shiga rami, haurunsa ne ke tsaron ƙofa. Ta ƙirga taku goman nan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora masa takardar a kan kofato.

"A'a, mai gida ce da kanta?" Ya bushe da dariya. "Shigo mana ki sha ruwa."

Ranar zama dabbobi suka cika gindin kuka. Dila ya miƙe, ya gyara murya.

"Allah ya gafarta Malam, ba za mu ɓata wa kotu lokaci ba. Tambaya ɗaya ce. Idan wannan baiwar Allah ba ta kai takarda ƙofar ramin ba, roƙonta bai cika ba. Idan kuma ta kai, ta taka umarnin kotu, kotu kuwa ba ta sauraron wanda ya raina ta. Mun bar mata zaɓi, don mu masu adalci ne."

Kunkuru ya juyo a hankali. "Ladingo, kin je ko ba ki je ba?"

Ta zo da magana cike da baki: tsagewar rufin, hadarin da ke haɗuwa a gabas, 'ya'yan da ke motsi a cikinta. Ta dubi Hawainiya, sai ta ga ta rikiɗe ta zama launin kuka. Dila ya yi ɗan tari. Jikin Ladingo ya yi abin da ya saba yi tun kaka da kakanni: ta dunƙule.

"A rubuta," in ji Kunkuru, "mai roƙo ba ta ce komai ba."

A ƙarƙashin wata sarƙaƙiya Ladingo ta haifi 'ya'ya huɗu. Ruwan farko ya tafi da biyu cikin huɗun.

Bayan mako guda shamuwa suka sauka, suka duba takardu, suka tabbatar da hukuncin farko ba tare da jayayya ba. Aka yi jerin gwano, Zomo a gaba, aka raka ta karɓar haƙƙinta. Rufin ya rufta, Mugun Dawa ya daɗe da komawa tudu, ramin ya zama kududdufi. Kwaɗi uku na zaune a bakinsa, Dila, lauyansu, na tsaye a gefensu da sabuwar takarda.

"Baiwar Allah," ya ce cikin ladabi, "ɗan ja da baya. Taku goma."