Ranar da Na Gaida Surukaina Daga Kan Kanya

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na gaida surukaina daga kan bishiya ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ina gyaran waya a Kazaure, ina kuma neman auren Balaraba, 'yar wani ƙauye da ke bayan duwatsun Roni. Yarinya tana sona, mahaifinta Baba Idi bai ƙi ni ba, amma sa rana ta gagara. Wanda ya tokare maganar shi ne Baffa Sule, yayan Baba Idi, kuma shi ne waliyyinta. Cewa ya yi shi bai yarda da samarin gari ba, ba su da komai sai baki da turare. (Maganar turaren dai gaskiyarsa ce, ina zuba shi kamar daga rijiya nake ɗebowa.)

Wata Juma'a na je gaisuwa, na durƙusa a zaure, na tarar ran Baba Idi a ɓace. Yana da amya a kan itatuwan gefen gonarsa, to dage ya hau ya kado ɗaya, ya yaga ta, ya lashe zumar tas. Baffa Sule yana gefe yana jan carbi. Ban san me ya shiga kaina ba, sai kawai na ji bakina ya ce, "Baba, a bar ni da shi. Ai kakana maharbi ne."

Jama'a, kakana dillalin gyaɗa ne. Abin da ya taɓa kashewa a rayuwarsa zabuwa ce, ita ma da keke ya take ta bisa tsautsayi.

Baffa Sule ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "To madalla. Raba mu da dagen nan, sai mu zauna mu yi maganarka." Baba Idi ya miƙo min gora ta dukan dagen, ya sa min albarka.

Washegari bayan la'asar na rufe shago, na hau babur sai gonar. Na ga ramin dagen a gindin wani dutse, na ga wata kanya kusa da shi, sai na tuɓe takalmi na haye. Na gaya wa kaina wai don in hango abokin gaba da kyau ne. Tsoro ne, malam, ba wani abu ba.

Da rana ta yi sanyi sai ga dagen ya fito. Gajere, mai faɗin baya, ƙasansa baƙi ƙirin, daga ka zuwa wutsiya kuma fari-fari kamar an yafa masa mayafi. Yana tafe yana bubbuɗawa, irin tafiyar wanda bai taɓa neman iznin kowa ba. Ina cikin karanto duk addu'ar da na iya sai na ga wani ɗan mitsitsi ya biyo baya yana tuntuɓe. Ashe mace ce, da ɗanta.

To, daga nan farauta ta lalace. Na ga uwar ta tona ƙasa da faratanta, ta zaƙulo kunama, ta gutsure ƙarin, ta tura wa ɗan. Shi kuma maimakon ya ci sai ya hau wasa da ita, kunama ta damƙe masa hanci, ya saki tsuwa yana birgima. Uwar ko a jikinta. Sai da ya gama haukansa ta cafke shi a ƙeya, ta dire shi gaban kunamar, alamar sai ya gama abin da ya fara. Wallahi innata na tuna, ranar da na ce ba zan koma makaranta ba. Nan take na raɗa wa uwar dagen suna Inna, ɗan kuma Auta. Akwai wani ƙaton namiji da yakan leƙo jefi-jefi, ya shinshina, ya cinye abin da ya tarar, ya ƙara gaba. Shi na sa masa Maigida, kuma ban taɓa ganin girmansa ba.

Kullum yamma ina kan kanyar nan, gora a kan cinya, baki a sake. Na san lokacin da Inna ke fitowa, na san gurnaninta na faɗa da na kiran Auta. Damuwata ɗaya, yadda take ɗaga hanci wajen amyar Baba Idi. Sai dabara ta zo min: ai wanda ya ƙoshi ba zai wahalar da kansa da hawa bishiya ba. Na fara biyawa wajen mai nama a tasha, ya ƙunsa min ƙasusuwa da guntayen balangu, in na hau kanya in jefa musu.

Abin mamaki, dabara ta ci. Amya ta zauna lafiya. Baba Idi ya shiga yabona a ƙofar masallaci, in ya tambaye ni labari sai in murtuke fuska in ce, "Ana bin sawu, Baba." Balaraba ce kaɗai ta fara zargi. Ta ce, "Wai ni kullum ƙamshin balangu kake yi, ban kuwa taɓa ganin ƙunshi ba." Na ce mata sirrin mafarauta ne.

Abin da ban sani ba, Baba Idi ya matsa wa Baffa Sule sai ya zo ya ga jarumin a bakin aiki da idonsa. Suka kuma shirya su lallaɓo a hankali, don kada su ɓata min farauta.

Ranar na ɗan ja wa Inna rai. Ina so Auta ya matso in ɗauke shi hoto, don haka na riƙe ƙunshin ban jefa ba. Inna ta zagaya gindin kanyar, ta ɗago kai ta harare ni, sai kawai ta kafa farata ta fara hawowa. (Ka ji wauta. Dabbar da aka kawo ƙararta saboda hawa bishiya, ni na je na ɓuyar mata a kan bishiya.) Na yi sama, gora ta suɓuce ta faɗi, na fara magiya da iyakacin muryata:

"Inna, don Allah ki yi haƙuri! Haba Inna, ni ne fa! Ga shi nan, yau har da hanta na sa aka zuba miki!"

Na wurga ƙunshin. Ta sauka ta hau ci, Auta kuwa ya samu takalmina ƙafa ɗaya yana tauna. Na sauke ajiyar zuciya, na ce, "Kai Auta, ba ka da kunya, sabo ne fa."

Sai na ji gyaran murya.

A kan dutsen da ke bayana, ga Baba Idi, ga Baffa Sule da carbinsa, suna tsaye. Daga yanayin fuskarsu na gane ba yanzu suka iso ba.

Yanzu ka duba halin da nake ciki. Ba a gaida suruki daga sama, ba a kuma yin shiru an ga manya. Sauka kuwa, ga Inna a ƙasa. Tarbiyya ta rinjayi hankali, na tattara ƙafafuna na durƙusa a kan reshe, na saki hannu biyu don ladabi, na ce, "Barkanku da yamma, Baba. Baffa, kun yini la..."

Ban ƙarasa ba. Ƙafa ta zame, wani kututture ya kama wandona ya farke shi ɓaraaat, na faɗo tim kusa da Inna. Ta tayar da gashi, ta yi wani gurnani da ya kusa tsayar min da numfashi, sannan ta sako min warinta. Wayyo Allah! Duk turaren da na zuba tun ina saurayi, warin nan ya rama a lokaci guda. Ta cafke Auta a ƙeya, shi kuma bai saki takalmina ba, suka shige rami.

Na miƙe, na tuna ban gama gaisuwa ba, na sake durƙusawa, hannu ɗaya yana tare bayan wando.

Baffa Sule ya toshe hanci da hannun babbar riga, ya ce, "Lafiya lau, jikan maharbi. Ya aiki?"

Baba Idi dariya ta ci ƙarfinsa har sai da ya zauna a kan dutse. Baffa bai yi ba. Ya ce, "Tun yaushe kake ciyar da su?" Na ce tun farko. Ya ce, "Kullum?" Na ce, "Kullum, Baffa." Ya juya ya tafi.

Na koma Kazaure da takalmi ƙafa ɗaya, zuciyata a karye, na tabbata na rasa Balaraba. Na yi wanka har sabulu ya ƙare, amma washegari a masallaci sahu bai haɗu ta wajena ba.

Bayan 'yan kwanaki sai ga saƙo, wai in turo manyana. Kawuna da ya je shi ya kawo min abin da Baffa Sule ya faɗa a zaure: "Farauta dai bai iya ba, ƙarya kuwa ya shara mana ita. Amma yaron da ya ɗauki nauyin iyalin dage kullum bai fasa ba, ba zai bar Balaraba da yunwa ba." Aka sa rana, bisa sharaɗin in ci gaba da kai wa Inna abincinta, tunda amya ta samu lafiya.

Har yau a ƙauyen nan babu mai kirana da sunana, daga tsofaffi har matan bakin rijiya Jikan Maharbi suke ce min. Takalmin ban sake ganinsa ba. In na biya wajen mai nama kuwa ƙunshi biyu nake karɓa, na Balaraba ya fi girma, don ta iya dubawa. Ni dai abin da na koya shi ne, in ina gaban manya aka ambaci wata matsala, sai in ce Allah ya kawo sauƙi, in ja bakina, in bar kakana ya huta a kabarinsa.