Bashmuhandis Yasir da Birkin Malika

Tsoro ya fara kama Bashmuhandis Yasir ne a kan gangaren da ke sauka filin taro, da hantsin ranar Asabar, lokacin da ya taka birki ƙafarsa ta wuce har ƙasan mota ba ta gamu da komai ba. Ni ne Yasir ɗin. Amma tun ranar na fi son in ba da labarin kamar na wani.

Kafin wannan gangare, garin Gadarif bai taɓa haifar injiniya irinsa ba. Shekara biyar a jami'a, da ƙarin biyu da yaƙi ya ɗora masa, ya dawo da takardar shaida ya rataye ta inda duk baƙo sai ya gan ta kafin ya ga mahaifiyarsa. Wata goma sha huɗu babu aiki, amma wannan laifin ƙasa ne da ba ta san darajar mutanenta ba. Ya san sunan kowane ƙarfe na cikin inji da Turanci da Larabci. Hannunsa dai bai taɓa yin baƙi ba. A unguwa ana kiransa Bashmuhandis, wato babban injiniya, yana amsawa da ɗaga gira ɗaya. Bai taɓa lura cewa sai mutane sun haɗa ido da juna kafin su faɗa ba.

Sai ga aiki ya leƙo. Hajj Elfatih, mai manyan gonakin dawa a wajen garin Doka, yana neman wanda zai kula da taraktocinsa kafin damina. Shi ne kuma shugaban Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motoci, mai mambobi tara da motoci shida, huɗu daga ciki suna tashi. Tasa sunanta Malika, koriya, 'yar 1958. Mahaifinsa ne ya saye ta, kuma fitilunta biyu na asali ne, an daina ƙera irinsu tun kafin a haifi uban Bashmuhandis.

"Ka kawo mini ita filin taron ƙungiya ranar Asabar," in ji Hajj. "Wanda ya iya da Malika zai iya da tarakta arba'in. Ni zan riga ka, ina da jawabi."

Ranar Asabar Bashmuhandis ya sa farar riga, ya ɗaure wuya irin na ma'aikatan banki, ya soke biro uku a aljihu. A gareji ya tarar da Usta Sale, tsohon makanikin da ya shekara talatin yana jinyar Malika, jallabiyarsa duk baƙin mai.

"Ɗana, saurara," in ji Usta. "Birkinta ba ya son gaggawa. Sau uku za ka taka. Na farko sallama, na biyu ina kwana, sai a na uku take amsawa."

Bashmuhandis ya yi murmushin tausayi.

"Ya Usta, birki ba suruka ba ne. Mai ne a cikin bututu. Ka matsa nan, ya matsa can. Masana sun gama wannan magana shekara ɗari uku da suka wuce. Mun yi jarrabawa a kai, na ci tamanin da biyu."

Ya shiga, ya taka sau ɗaya. Birki ya kama ram.

"Ka gani?"

"Na gani. Ni na gaishe ta yanzun nan kafin ka shigo."

Usta ya ce bari ya zauna a gefensa. Bashmuhandis ya dubi fatar kujera, ya dubi jallabiyar, ya tuna za a ɗauki hoto idan ya isa.

"Ka biyo a raksha mai ƙafa uku, ya Usta. Kada nauyi ya yi mata yawa."

"To, tamam, ya Bashmuhandis," in ji Usta, ya ci gaba da goge hannu a hankali.

Tafiyar ta yi kyau, wannan babu mai musu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya Malika ba ta wuce sassarfar jaki, don haka babu abin da ya sa a nemi birki. Wani mai amalanken jaki ma ya wuce shi, Bashmuhandis ya yafe masa. Ya zagaya kasuwar riɗi sau biyu, ba don hanya ta bi ta nan ba, sai don 'yan kasuwa su ma suna da haƙƙin gani. Yana ɗaga hannu yana tsara dokokin da zai kafa a garejin gona. Doka ta farko: an hana camfi.

Sai gangare. Can ƙasa ga babbar rumfar tampol, ga kujeru, ga motoci uku a jere an wanke su fes, ga Hajj Elfatih da ƙaton rawani yana riƙe da abin magana. Malika ta ji gangare ta tuna ƙuruciya.

Ya taka. Babu komai.

Mai ilimi ba ya maimaita magana, don haka bai ɗaga ƙafa ba. Ya danne, ya ƙara ɗaya ƙafar a kai, ya miƙe tsaye a kan birkin. Lissafin jarrabawar nan ya zo masa cikakke, babu kuskure ko ɗaya, motar kuwa tana ƙara gudu. Abin da ya fito daga bakinsa ba Turanci ba ne, ba Larabci ba. "Wayyo Inna!" ya ce. Daga lasifika muryar Hajj tana tashi:

"Waɗannan motoci amana ce, ya 'yan'uwa. Ba ma miƙa su sai ga hannun da ya sani!"

Saura taku ashirin, tamanin da biyu ta ƙare. Ya ɗaga ƙafa ya sake takawa, ya kwarara ihu: "Salamu alaikum!" Mambobin ƙungiya mutanen kirki ne, sun amsa suna gudu. Ya taka na biyu. Ya taka na uku. Malika ta amsa, ta tsaya cak, kamu ɗaya daga gwiwar Hajj.

Sai dai bambarta ta riga ta kwashi igiyar rumfa. Dirkar tsakiya ta yi ɗan tunani, ta faɗo a kan fitilar hagu. Tampol ya rufe shugaba da mambobi da tiren gahawar jabana. Lasifika ba ta mutu ba, saboda haka duk filin ya ji abin da Hajj ya faɗa a ƙarƙashin tampol, wanda ba zan rubuta ba.

Babu wanda ya ji rauni. Hajj ya rarrafo waje, rawaninsa yana binsa a ƙasa. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya durƙusa yana tsintar gilashin fitilar ubansa ɗaya bayan ɗaya, yana sawa a hankici.

"Sau nawa ka taka?"

"Uku, ya Hajj."

"Daga ina ka fara ƙirge?"

Bashmuhandis ya gyara biro. Duk da haka ya tambayi maganar aiki, domin babban mutum ba ya rasa sanin lokacin da ya dace.

"Ba a hannuna take ba," in ji Hajj. "Shugaban garejin gona shi ke zaɓen wanda zai yi aiki a ƙarƙashinsa. Shi ya ce in gwada ka da Malika."

Ya nuna bakin fili da haɓa. Wata raksha ta tsaya, Usta Sale yana saukowa. Ya zo ya dubi rumfa, ya dubi fitila, ya dubi farar rigar da gumi ya manne a jiki.

"Zan yi tunani, ya Bashmuhandis," in ji Usta.

Yau kwana shida. Har yanzu ina gida ina jira. Ranar Litinin taraktoci za su tafi Doka. Usta Sale bai aiko ba tukuna.