Sarkin Baƙin Allo da Kwantenar Riɗi

A shekarar 2011 Malam Ɗantsoho ya fara ganin Abdulmuhaimin, a shagonsa na koyar da tafireta da ke bayan tashar Gumel. Tsohon bai san da babban mutum yake zaune ba. Shi dai ya ga ɗalibi mai buga haruffa da yatsu biyu, wanda bayan wata uku ya ce darasin ya yi masa kaɗan, ya tafi.

Yau kuwa sai dai a ce masa Injiniya. A wata cibiyar binciken noma da ke hanyar Gagarawa, shi ke riƙe da gungun kwamfutocin da ke ɗaki mai sanyi, inda kowane mai bincike yake da kwantenarsa. Ba irin wadda tirela ke ja zuwa Maigatari ba: ɗan ɗaki ne a cikin inji, mai ɗauke da littafin aikin mutum. Ba a buɗe ta, ba a rufe ta, sai an rubuta umarni a wani baƙin allo marar hoto. Umarnin duka shida ne. Injiniya ya riƙe su kamar laƙanin gado. In zai buga, sai kowa ya ja baya taku uku, shi kuma ya lulluɓe madannai da hannun babbar riga. Ma'aikata suka naɗa shi Sarkin Baƙin Allo. Da labari ya je masa, ya ce naɗin ya ɗan makara.

"Ku masu danna hoto ne," yakan ce. "Ni baki da baki nake magana da inji. Daga nan har Damagaram, mu nawa ne? In an ƙirga da kyau, ni ne."

A cibiyar nan Malam Ɗantsoho ya sami aiki bayan tafireta ta mutu. Shi ke shigar wa wata mai bincike, Dakta Lauratu, bayanan da ta tara damina uku daga gonaki ɗari huɗu, Ɗanzomo zuwa Sule Tankarkar: ruwan sama, ranar shuka, yawan riɗin da aka girbe. Da su za a zaɓi irin da za a raba wa manoma kafin ruwan fari.

Ran nan tsohon ya tambaya, "Injiniya, in aka share kwantena, abin cikinta ina yake zuwa?"

"Baba, wannan ba zamanin takardar kabon ba ne. Kai dai buga abin da aka ba ka."

Tsohon ya koma teburinsa. Amma a makarantar mishan an horar da shi cewa takarda ba ta zama ita kaɗai. Kwafi uku ake yi: na ofis, na fayil, na gara. Teburinsa yana bayan na Injiniya, hannun riga kuwa ba ya rufe allo, sannan mai yatsu biyu ba ya sauri. Cikin mako biyu umarni shida suka shiga ɗan littafin aljihunsa. Duk Alhamis kafin a tashi, sai ya kwafe aikin Dakta zuwa babban ma'ajin da ake kira rumbu, wanda shara ba ta taɓawa.

Ranar Litinin da manyan baƙi suka zo daga Dutse, har da Sarkin Noman Ɗanzomo, Injiniya ya sa sabuwar hula. Ya ce zai nuna musu yadda ake kwashe kwantenonin da ba kowa a ciki. Ya buga, idonsa a kan fuskokin baƙi. Injin ya tambaya ko ya tabbata.

"Kun gani? Ni yake tambaya ko na tabbata!" Ya ƙara harafin da ke hana inji tambaya, ya danna da ƙarfi.

Can Dakta Lauratu ta ɗago kai. "Injiniya, littafina ya ɓace."

"Hutawa yake, Dakta."

"Jera mana kwantenonin mu gani."

Ya jera. Allon bai taɓa yin baƙi irin na ranar ba. Duka ya share. A ɗakin da mutane ke sa rigar sanyi, gumi ya jiƙa sabuwar hula.

Dakta ta dafe kai. "Damina uku, Abdulmuhaimin!" Injiniyancin ma ya bi kwantena.

Sarkin Noma ya gyara zama. "To, ɗana, bana me za mu shuka? Allon?"

Malam Ɗantsoho ya yi gyaran murya. "Injiniya, ko za ka leƙa rumbu? Kamar ranar Alhamis an ajiye wani abu."

Injiniya ya leƙa da yatsunsa biyu. Ga aiki nan, in ban da na Juma'a. Nan take babbar riga ta sake cika.

"Alhamdu lillahi! Gwaji ne, ranku ya daɗe. Da gangan na share, don ku ga irin tsarin da na kafa."

Baƙi suka tafa. Tsohon ma ya tafa, sau biyu.

Washegari da safe Malam Ɗantsoho ya tarar da ambulan a ƙarƙashin madannansa, ba suna. A ciki ga umarnin nan shida da rubutun da ya sani tun 2011, a ƙasa an sa: "Baba, kada kowa ya gani." Duk dukiyar masarautar ke nan, an biya shi da ita ba ko sallama.

Malam Ɗantsoho ya sa tabarau ya karanta a tsanake. Ya ciro jan biro ya gyara kuskure a na huɗu, ya rubuta biyar bisa shida a kusurwa. Sannan ya buga kwafi uku.