Ba Za A Yi Aisha Ta Shida Ba

"...da jego, da kukan jaririya? Ko da yake uwar ta fi 'yar raki."

"Lafiya lau, tsoho. Wa ya ce ka shigo?"

"Gidana ne, uwargida. Amaryata na zo gani, ke kin zama tsohon yayi."

Alhaji Ɗanladi ne ya leƙo ɗakin jikarsa Lailatu, wadda ta dawo gidansa a unguwar Shango ta Minna don wankan jego. Hantsi ya zubo ta taga ya kwanta a kan zanen jaririya, ɗakin kuma sai ƙamshin kunun kanwa. Jibi suna. Mijinta Anwar ya bar wa tsohon zaɓin suna don girmamawa, kuma duk gidan an san sunan da ke bakinsa. Lailatu na zaune, kwamfuta a cinya.

"Mai jego da danne-danne? Nonon ma ta intanet za ki ba ta?"

"Godwin na ofishinmu ne ya kira. Sababbin kwamfutocinmu sun rikice."

"Ki kai wa mai gyara a Kasuwan Gwari."

"Ba su da jiki, Kaka. A cikin wata babbar na'ura can nesa ake ƙirƙirar su, duk daga uwa ɗaya. Sai kowace ta farka da sunan uwar. A aika wa ɗaya saƙo, goma su amsa."

"To ai tarbiyya ke nan."

"Rikici ke nan. Shi ne nake koya wa manhajar ta riƙa raɗa suna da kanta. Kafin sabuwa ta buɗe ido, sai ta duba, in akwai mai sunan, ta ba ta wani."

"Ba liman, ba goro, ba rago? Me take kiran su?"

"Minna-ɗaya, Minna-biyu, haka dai."

"Innalillahi! Lambar Keke Napep! Haka kike so a yi wa amaryata?"

"Ya fi naka aikin. Aisha nawa ka raɗa a gidan nan?"

"Biyar, kuma kowace da albarkarta. Ke kaɗai kika tsere, don an haife ki a Kaduna ina kwance da zazzaɓi. Dubi yadda kika lalace."

"Da Sallah ka ƙwala kira sau ɗaya, mata biyar suka fito, har da mai goyo. Tela ya ɗinka wa Aishar Maikunkele kayan Aishar Gwada, ta shiga ciki kamar buhun doya. Laƙabi ma ya ƙare mana: Ummi, Mama, Walida, Hajiya Ƙarama. Ta biyar sai 'Ke' ake ce mata."

"Ta shida sai a ce mata 'Ke ma'."

"Wallahi ba za a yi ta shida ba. In ka raɗa, ni ma in ƙi amsa sunan uwarta. Ka ba ta nono da kanka."

"Ki ji mini 'yar nan! Ni na yi wa ubanki huɗuba yana kamar ɓera."

"Shi ya sa har yau yake tsoron mage."

Tsohon ya yi dariya har da tari, sannan ya zauna a bakin gado. Ya daɗe yana kallon ɗan tafin ƙafar da ya fito daga zane.

"Ke ba ki sani ba. Duk zaman da na yi da kakarki, ban taɓa kiran sunanta ba. A zamaninmu kunya ce. Gyaran murya nake yi, ta fito. Sai da ta tafi na tarar sunan na nan a bakina, sabo fil, ban taɓa shi ba."

Lailatu ta rufe kwamfutar. Muryarta ta sauka, amma ba ta ja da baya ba.

"Allah ya jiƙan Hajiya. Kana da masu sunanta biyar, Kaka, ka kira su har muryarka ta dushe. Wannan ina so in an kira ta, ta san ita kaɗai ake nufi."

"Taurin kan nan, sak na marigayiya. Ke ya kamata a sa wa sunan, aka yi asara. To, wanne kika tanada?"

"Sa'adiya."

"Tambayi na'urar taki. Akwai mai shi a gidan nan?"

"Babu. Na duba har dangin Paiko."

Ya ɗauki jaririyar, ya kai bakinsa kunnenta, ya yi raɗa. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa, amma yana dariya.

"Shi ke nan, kin ci. Ragon yana ɗaure a zaure, ni na saya. Sai dai na riga na gaya masa na Aisha ne. Ke za ki je ki yi masa bayani."